Yadda ake ɗaukar hoton tsaunukan Glencoe a lokacin dusar ƙanƙara

Glencoe kwari ne a yammacin tsaunukan Sikotland, a arewacin Birtaniya. Babbar hanyar A82 da ta taso daga Gilasgo zuwa garin Fort William ta ratsa tsakiyarsa, motocin haya na Citylink kuma suna bin ta kullum. Tsaunukan wurin ba su da wani tsayi na a zo a gani idan aka gwada su da na wasu ƙasashe, domin Ben Nevis, wanda ya fi kowanne tsawo a Birtaniya, mita 1,345 ne kawai. Abin da ya sa masu ɗaukar hoto ke tururuwa can daga Disamba zuwa Maris shi ne yanayin. Iska na tasowa daga tekun Atlantika ɗauke da laima, ta ci karo da waɗannan duwatsu, sai ka ga a cikin sa'a guda an yi ruwa, an yi dusar ƙanƙara, rana ta fito, hazo ya sauko ya rufe komai. A tsakanin tafiyar wani gajimare da zuwan wani ake samun hasken da ake nema, kuma sau da yawa ba ya wuce minti biyu ko uku. Duk abin da zan faɗa a nan shiri ne domin waɗannan mintuna su same ka a tsaye, kyamara a saite, hannunka kuma bai sandare ba.

Na farko: karanta hasashen yanayi tun daren jiya

Hasashen da ke cikin wayarka na gari ne, ba ya gaya maka abin da ke faruwa a kan dutse. Zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi a duk hawan mita 1,000, wani lokaci ma fiye, iska kuma a ƙololuwa takan ninka ta kwari. Don haka wurare uku za ka duba. Akwai MWIS, mai fitar da hasashen tsaunuka kowace rana, ka nemi shiyyar yammacin tsaunukan Sikotland. Akwai hasashen tsaunuka na Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya. Sai SAIS, mai bayar da rahoton haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Afrilu, Glencoe kuma na cikin yankuna shida da take kula da su.

Ka fara da ƙarfin iska. Da mil a sa'a suke rubutawa. Mil 30 ya isa ya riƙa ture ka idan kana tafiya, ya kuma girgiza kyamara. Idan ka ga 50 zuwa sama, ka manta da hawa, ka tsaya a gindin dutse. Kada ka ɗauki wannan da wasa: a kan tsaunin Cairn Gorm, gabas da nan, an auna iska mai gudun mil 173 a sa'a a watan Maris na 1986. Bayan iska sai ka duba tsayin da ruwa ke fara daskarewa. Idan an ce mita 900, to kan duwatsu ne kawai zai yi fari, kwarin zai kasance jiƙe kuma baƙi. Idan ya sauko mita 300 ko ƙasa, Rannoch Moor, faffaɗan filin da ke gabas da Glencoe, shi kansa zai yi fari fat, ka samu hoton da ake yi wa doguwar tafiya. Sannan ka duba inda gindin gajimare zai tsaya, don ka san ko za a ga kan dutsen ko ba za a gani ba.

Ga abin da sababbin masu hoto ke kuskurewa. Suna jiran ranar da aka ce sama za ta yi garau babu gajimare. Irin wannan rana tana da daɗin yawo, amma hotonta yakan fito lami, shuɗi a sama fari a ƙasa, babu wani motsi. Ranar da ni nake nema ita ce wadda ta biyo bayan wucewar babban ruwa, lokacin da iska ta juya tana zuwa daga arewa maso yamma, aka ce za a yi ta samun yayyafin dusar ƙanƙara jefi-jefi da fitowar rana a tsakani. Iskar irin wannan rana tana da sanyi da tsabta, gajimare kuma yana zuwa ne gungu-gungu da giɓi a tsakaninsu. Ta wannan giɓin haske ke zubowa a kan dutse ɗaya ya bar sauran a duhu. Mu a ƙasar Hausa gabas muke ɗaga kai mu duba idan hadari ya haɗu. A can yawanci yamma ake duba, kuma kamar hadarinmu, za ka hango shi yana tafe tun daga nesa, ka ƙiyasta mintunan da suka rage maka.

Akwai wata rana ta daban da ta cancanci tashin asuba. Idan iska ta kwanta, dare ya yi sanyi sosai, sanyin yakan taru a kwari, hazo ya cika shi, kan duwatsu kuma su fito a cikin rana. MWIS kan faɗa idan ana sa ran haka. Sai dai wannan hoton yana buƙatar hawa, hawan kuma yana da nasa sharaɗi da zan zo kansa.

Na biyu: zaɓi wuri, ka kuma tanadi na biyu da na uku

Glencoe na kusa da digiri 57 arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Disamba rana na fitowa dab da ƙarfe tara na safe, ta faɗi kafin huɗu na yamma, ko da tsakar rana kuma ba ta wuce digiri 10 daga ƙasa. A Kano a wannan rana tana kaiwa kusan digiri 55. Amfanin haka shi ne hasken gefe mai laushi, wanda ke fito da kowane tudu da rami a jikin dusar ƙanƙara, yana nan yini guda. Illarsa kuma, wasu kwaruruka ba sa ganin rana ko kaɗan. Tsaunuka ukun nan da ake kira Three Sisters, waɗanda kowa ke tsayawa ya ɗauka daga bakin hanya, arewa suke fuskanta, don haka a tsakiyar lokacin sanyi rana tana bayansu. Ka ajiye su don ranar hazo ko ranar da dusar ƙanƙara ke sauka, lokacin da baƙin dutse da fari kaɗai sun isa hoto.

Na safiya shi ne Buachaille Etive Mòr, dutsen nan mai tsini da ya haura mita 1,000, wanda ke tsaye a bakin shiga kwarin daga gabas. Ana ɗaukarsa daga ɗan gangaren ruwan kogin Coupall, kusa da inda hanyar kwarin Glen Etive ta rabu da babbar hanya, ko daga wajen wani ɗan farin gida da ake kira Black Rock Cottage. Idan gajimare ya rufe kansa ya ƙi tashi, ka koma gabas zuwa tafkin Lochan na h-Achlaise a Rannoch Moor, inda sau da yawa sama ta fi buɗewa. Idan iska ta hana tsayuwa a fili, ka shiga Glen Etive ka yi aiki da kogi da bishiyoyi. Duk waɗannan wurare tafiyar mintuna ce daga inda ake ajiye mota. Manhajar PhotoPills ko The Photographer's Ephemeris za ta nuna maka ta inda rana za ta fito a kan taswira, ka duba tun kana ɗaki. Ka kuma duba shafin Traffic Scotland, domin akan rufe A82 idan dusar ƙanƙara ta yi yawa. Da asuba ka tuƙa a hankali, barewar wurin manya ne kuma suna tsallaka titi.

Ka lura da lokutan salla ma. Da yake yinin gajere ne, azahar da la'asar da magariba duk suna shiga cikin sa'o'i kaɗan, mafi kyawun hasken yamma kuma yana tsakanin la'asar da magariba. Ka tsara yininka da wannan tun kafin ka fita.

Na uku: jikinka kafin kyamara

Wanda ke rawar ɗari ba ya iya jiran haske, jira kuwa shi ne rabin wannan aiki. Idan ma'aunin zafi na kan sifiri, iska kuma na gudun kilomita 50 a sa'a, fatarka za ta ji kamar digiri 8 ƙasa da sifiri. Ka sa tufafi hawa uku: na ciki na ulu ko na roba mai fitar da gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai hana ruwa da iska, riga da wando. Auduga ba ta da wuri a nan, domin idan ta jiƙe da gumi sai ta riƙe laimar ta tsotse ɗumin jiki. Ka ɗauki ƙarin riga mai kauri a jaka wadda za ka ɗora da zarar ka tsaya. Safar hannu biyu: siririya da za ka iya danna maɓalli da ita, da babba a kai, da wasu na ajiya domin na farko za su jiƙe. Hula mai rufe kunne, takalmin hawa mai hana ruwa, tocilar goshi, filas ɗin shayi mai zafi, da abin ci. Dabino da gyaɗa sun dace sosai.

Game da hawa, zan faɗa kai tsaye. Da zarar ka bar kwari ka shiga gangare mai dusar ƙanƙara, kana buƙatar ƙarafan da ake ɗaura wa takalmi, da gatarin ƙanƙara, da taswirar takarda ta Ordnance Survey, hukumar taswira ta Birtaniya, da kamfas, da sanin yadda ake aiki da kowanne. Akan samu lokacin da hazo da dusar ƙanƙara ke haɗuwa har mutum ya kasa bambance ƙasa da sama, a bakin ƙololuwa kuma iska na gina wani leɓe na dusar ƙanƙara wanda babu komai a ƙarƙashinsa. Mai hoto ya fi kowa shiga wannan haɗari, saboda idonsa na kan kyamara yana matsawa baki don ya samu fili. Idan ba ka taɓa yi ba, ka ɗauki jagora mai takardar shaida ko ka yi kwas na kwana biyu a Fort William. Kafin nan, hotunan bakin hanya sun ishe ka, kuma da yawa daga cikin fitattun hotunan wurin daga nan aka ɗauke su. Ko ina za ka, ka gaya wa wani inda ka nufa da lokacin dawowarka. Idan wani abu ya faru, 999 ake kira, a nemi 'yan sanda, a ce ana son masu ceto na tsauni. Mutanen nan 'yan sa-kai ne.

Na huɗu: kayan aiki

Ba sai ka kwashi komai ba. Kyamara, lensi mai faɗin gani kamar mai milimita 16-35, da mai jawo nesa kamar mai milimita 70-200. Idan ɗaya kawai za ka ɗauka, ni zan ce mai jawo nesa, saboda a irin wannan yanayi haske kan sauka ne a wani ɗan yanki can nesa. Sai mariƙin kyamara mai ƙafa uku mai ƙarfi, hular lensi, tsummokin goge gilashi guda huɗu ko biyar a cikin leda, da abin hura iska. Batir aƙalla uku. Sanyi na rage ƙarfin batirin litiyam, don haka ka ajiye na ajiya a aljihun ciki kusa da jiki. Wanda ya nuna ya mutu, idan ya ɗumama yakan dawo da sauran caji. Canza lensi a fili lokacin da dusar ƙanƙara ke sauka yana shigar da ruwa cikin kyamara, don haka ka yanke shawara tun a mota, ko ka juya wa iska baya ka yi a cikin jaka.

Na biyar: saita haske, inda yawancin hotuna ke lalacewa

Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani zuwa matsakaicin ruwan toka. Idan ka nuna masa fili fari, sai ya zaci haske ya yi yawa ya rage, dusar ƙanƙara ta fito kamar toka. Gyaransa shi ne ka ƙara haske da kanka. Ka sa kyamara a kan A ko Av, wato tsarin da kai ke zaɓar ƙofar lensi ita kuma ta zaɓi saurin ɗauka, ka nemi maɓallin da ke da alamar ƙari da ragi, ka fara da +1. Idan fari ya cika hoton kuma sama a lulluɓe take, kana iya kaiwa +1.7 ko +2. Idan kuma baƙin gajimare ne ya cika hoton da ɗan tsinin dutse mai haske, sai ka yi akasin haka, ka koma sifiri ko ƙasa, in ba haka ba wurin da ya fi muhimmanci zai ƙone.

Kada ka yarda da abin da fuskar kyamara ta nuna maka, domin a cikin farin fili ido na ruɗuwa. Ka kunna histogiram, zanen nan mai kama da tudu da ke nuna rabon duhu a hagu da haske a dama. Kana son tudun ya matsa dama sosai amma kada ya manne da bango. Idan ya manne, wannan yanki ya zama fari zalla, babu manhajar da za ta dawo da shi. Ka kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa. Ka ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ba ka damar gyara launi da haske daga baya fiye da JPEG nesa ba kusa ba. Idan bambancin haske da duhu ya yi yawa, ka sa kyamara ta ɗauki uku a jere, ɗaya daidai, ɗaya mai duhu, ɗaya mai haske.

Ƙofar lensi tsakanin f/8 da f/11 ta isa yawancin hotuna. ISO, wato ma'aunin saurin karɓar haske na kyamara, ka bar shi a 100 idan iska a kwance take. Amma idan tana kaɗawa, ka ɗaga shi zuwa 400 ko 800 ba tare da wata damuwa ba don shota, wato marufin da ke buɗewa haske ya shiga, ta yi sauri, domin ɗan tsakin da ISO ke kawowa ana iya rage shi, hoton da ya girgiza kuwa ya tafi. Da lensin 200 a hannu, kada saurin shota ya sauka ƙasa da 1/250 na daƙiƙa.

Idan dusar ƙanƙara na sauka, saurin shota ne ke yanke kamanninta. A 1/500 za ta tsaya ɗigo-ɗigo. A 1/60 ko 1/30 za ta zama zare-zare mai nuna inda iska ta nufa. Idan ka buɗe daƙiƙa guda ko fiye, sai ta ɓace ta koma hazo. Ba a ganin ta sai a gaban abu mai duhu, kamar dutse ko bishiya. Za ka kuma ga lensi na kai da komo yana neman inda zai tsaya saboda ɗigon da ke gilmawa. Ka saita shi a kan gefen dutse, sannan ka mayar da shi na hannu ka bar shi haka.

Na shida: tsayuwa da jira

Da ka isa wuri, kada ka taka tsakiyar filin. Ka zagaya ta gefe ka duba, domin sawun ƙafarka ba ya gogewa, kuma wani ma na tafe bayanka yana son wurin. Ka nemi abu mai duhu da zai riƙe ido a gaban hoton: dutse a cikin kogi, ciyawar da ta leƙo, bishiya guda. Duwatsun bakin kogi sukan lulluɓe da siririyar ƙanƙara da ba a gani, tafkunan Rannoch Moor kuma ko sun daskare ba a taka su.

Mariƙin kyamara ka kafa shi ƙasa-ƙasa, kada ka zaro sandar tsakiya. Idan dusar ƙanƙara na da zurfi, ka ɗan haɗe ƙafafun kafin ka danna, domin suna buɗewa idan suna nutsewa. Idan za ka rataya jaka don nauyi, ta taɓa ƙasa, in ba haka ba iska za ta riƙa lilo da ita. Ka tsaya ta inda iska ke zuwa jikinka ya kare kyamara, ka sa jinkirin daƙiƙa biyu, ka danna a tsakanin bugun iska. Kada ka taɓa barin ta a kafe ka juya baya.

Yanzu ka tsara hoton, ka saita komai, ka rufe kyamara da leda ko jakar ruwa, ka ɗora babbar riga, ka jira. Idan yayyafin ya iso, yawancin mutane mota suke komawa, kuma a nan suke rasa hoton, domin hasken da ya fi kowanne yana zuwa ne daidai lokacin da bayan gajimaren ke wucewa: sama baƙi ƙirin a gefe guda, rana na dukan sabuwar dusar ƙanƙara a ɗaya gefen. Ka riƙa duba inda iska ke fitowa. Da ka ga wurin ya fara washewa, cire leda, duba gaban lensi, goge, ɗauka, sake gogewa. Ɗigo ɗaya a gilashi na ɓata hotuna ashirin ba ka sani ba. Kada ka hura da baki, tururin numfashi daskarewa yake yi a kai. Ka riƙa waiwayawa kuma, sau da yawa abin yana faruwa a bayanka.

Idan ka lura yatsunka sun daina ji, ko rawar ɗari ta ƙi tsayawa, ko tunaninka ya fara nauyi, ka tattara ka tafi nan take ko haske na tafe. Alamun farko ke nan na sanyi ya fara cin jiki.

Mai waya ma yana iya yin yawancin wannan. Ka taɓa wuri mai haske a fuskar waya, ka ɗan ja alamar rana sama har fari ya yi fari, ka kunna RAW idan akwai. Sai dai ka tuna wayar nan ita ce hanyarka ta neman taimako, ka bar mata caji, ka ajiye ta a aljihun ciki.

Na bakwai: bayan an dawo

Kafin ka shiga mota mai ɗumi ko ɗaki, cire katin hotuna da batir, ka karkaɗe dusar ƙanƙara, ka sa kyamara a jaka ka zuge. Gilashi da ƙarfe masu sanyi idan suka haɗu da iska mai ɗumi sai raɓa ta kwanta a kansu, har cikin lensi. Ka bar jakar a rufe sa'a biyu ta ɗumama a hankali, sannan ka buɗe ka shanya komai nesa da na'urar ɗumama ɗaki. Ƙafafun mariƙin ma ka zaro su su bushe.

Wajen gyara a manhajar Lightroom ko darktable, wadda kyauta ce, ka fara da launi. Dusar ƙanƙara da ke inuwa shuɗiya take fitowa saboda hasken sama ne ke sauka a kanta. Ka rage shuɗin amma kada ka kashe shi duka, shi ne ke sa mai kallo ya ji sanyin wurin, kuma shi ne ke sa ruwan zinaren da ke kan tsinin dutse ya fito. Ka sauke wurare masu haske kaɗan har ƙwayar dusar ƙanƙara ta bayyana. Ka yi hattara da maɓallin cire hazo, domin yana mayar da fari datti, ya kuma kore hazon da ka tsaya sa'a guda kana jira. A ƙarshe ka zuƙo hoton ɗari bisa ɗari, ka bi sararin sama lungu-lungu kana neman tabon ɗigon ruwa, ka goge su ɗaya bayan ɗaya kafin ka fitar da shi.